Hannu a Baya

Rabin aikina shi ne in hana mutane taimakon waɗanda suke ƙauna. Ba haka aka rubuta a takardar shaidar da jami'a ta ba ni ba. Can an ce ni likitan gashi ne, mai lallaɓa gaɓar da ta daina motsi har ta tuna aikinta. Amma duk wanda ya yi wata uku a ɗakin gashi ya san inda yininmu yake ƙarewa: wajen zare hannun ɗiya daga hammatar mahaifiyarta, da roƙon miji ya bar matarsa ta kai cokali bakinta da kanta, ko da rabin abincin zai zube mata a ƙirji. Na ƙware a wannan tun ban cika shekara biyu da fara aiki ba. Ina da wata murya da nake ajiyewa dominsa, mai taushi a sama, mai tauri a ƙasa, kuma ban taɓa shakkar abin da nake faɗa da ita ba. Har yau ba na shakkarsa. Nauyinsa ne kawai ban sani ba.

Ɗakin namu dogo ne, gadaje shida a jere da labule a tsakaninsu. A ƙarshensa akwai ƙarafa biyu da masu koyon tafiya suke dafawa, da madubi mai tsayin mutum, da keken da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Kusa da taga akwai teburin hannu, wanda baƙo zai ɗauka na wasan yara ne: allo mai ramuka da ƴan sanduna, murafen kwalba cikin kwano, ƙwallayen roba, da wata tsohuwar riga da aka kafe a jikin katako domin koyon ɓalla maɓalli. Mai mulkin ɗakin mace ce gajera da ta haura hamsin. Majinyata suka laƙaba mata Sajan, ko da yake ba ta taɓa sanya kaki ba. Ni kuma ita ta sa mini Farfesa, saboda a makona na farko na amsa mata tambaya da sunan littafi har da lambar shafi.

Mahaifina kafinta ne, ya shekara arba'in a kan aikin. Ciwon ya same shi da hantsi, yana tsaye a shagonsa yana haɗa ƙafa ta huɗu ta wata kujera. Maƙwabcinsa Mai Walda, abokin tsokanarsa tun suna samari, shi ya ji ƙarar guduma a kan siminti, ya leƙo da niyyar yi masa dariya, ya tarar da shi a ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama. Allah ya taƙaita abin: cikin wata biyu baki ya saki, ƙafa ta dawo, tana ɗan ja. Hannun ne ya tsaya. Yana rataye a gefensa kamar na aro, yatsu a lanƙwashe, sai dai idan ya tattara hankalinsa wuri ɗaya sukan buɗe gwargwadon yadda fensir zai shiga. Ga wanda ba sana'arsa ba, wannan ba komai ba ne. A wurinmu kuwa ƙofa ce da ba ta gama rufuwa ba.

Sajan da kanta ta karɓe shi. "Ba a ba ɗa ubansa," in ji ta. "A gida kai ɗa ne, a nan ma'aikaci. Kada ka cakuɗa mini su."

Ranar farko ta zaunar da shi a teburin hannu, ta ajiye masa wata safar hannu mai kauri, marar yatsu.

"Baba Kafinta, ka taɓa riƙe masu koyon aiki biyu, ɗaya mai zafin nama, ɗaya mai nawa?"

"Na riƙe sun fi ashirin. Masu nawar sun fi yawa."

"Idan aiki ya taso, wa kake kira?"

"Mai zafin naman mana. Wa zai tsaya jiran wancan?"

"Shi mai nawar fa, bayan shekara guda me yake zama?"

Baba ya dubi hannunsa na dama. "Mai gadin shago."

"To, haka ƙwaƙwalwa take. Ta ga hagu tana amsawa da wuri, ta fara manta sunan dama. Za mu kulle mai zafin naman a cikin wannan safar, awa shida kullum, mai nawar ya yi aikin dole. Da safe kuma, kafin a sa safar, kai za ka ɓalla rigarka, kai za ka ɗaure takalminka, hannu biyu, kowanne ya ɗauki rabonsa. Ba mai taya ka." Ta juya ga mahaifiyata, wadda take zaune a gefe da jakarta a cinya. "Kin ji ko, Mama?"

"Na ji," in ji Umma. "Ai ga Likita a gida. Abin da ya ce shi za mu bi."

Takalmin da ake magana kambas ne mai igiya, wanda aka wajabta masa saboda ƙafar da take ja. Baba ya tsane shi. Ya ce shekara sittin da biyu bai taɓa ɗaure ƙafarsa kamar buhu ba.

Umma ta cika alkawarinta ta hanyar da za ta iya. Idan lokacin shirinsa ya yi, sai ta ajiye masa riga da takalmi a bakin gado, ta fice zuwa kicin ta ja ƙofa, ta buɗe famfo don kada ta ji nishinsa. Ni ne nake tsayawa, wai don in lura da yadda yake yi.

Safiyar farko na ba shi minti goma sha biyu. Na ƙirga su a agogon bango. Ya sunkuya a kan takalmin dama, hagu ta kama igiya ɗaya, dama tana bin ɗayar kamar makaho yana lalube. Sau shida igiyar tana zamewa. Gumi ya taru a ƙeyarsa, inda furfura ta fi yawa, kuma ban taɓa ganin ƙeyar mahaifina daga sama ba sai a ranar. Bai dube ni ba, bai nemi komai ba. Ni ne na ga kaina a durƙushe, igiyar tana hannuna.

"Yau kaɗai," na ce. "Za mu makara."

Washegari ma muka kusa makara. Rana ta uku na ce kafaɗarsa tana bukatar hutu, kuma ina da shafin littafi da zai goyi bayana. Daga takalmi abin ya hau riga, daga riga ya kai kofin shayi. Idan na dawo daga aiki da yamma na tarar da shi yana fama da murafen kwalba, nakan zare masa safar kafin awoyinta su cika, in ce ya isa haka. Mai ilimi idan zai yaudari kansa ba ya rasa hujja, wannan kuwa na tabbatar a kaina. Da rana ina tsaye a ɗakin gashi ina ce wa ƴaƴan mutane su janye hannunsu, da safe ina durƙushe gaban nawa uban.

A mako na huɗu Sajan ta auna shi. Ta ɗora ma'aunin kusurwa a wuyan hannunsa, ta sa shi ya buɗe yatsu, ta ƙirga sandunan da ya iya sanyawa a ramuka cikin minti guda. Biyu ne, kamar ranar farko. Ta miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, na ga fuskarta ta canja. Sun fara tauri.

"Mama, wa yake ɓalla masa riga?"

Umma ta dubi jakarta. "Wani lokacin nakan ɗan taɓa."

"Ɗan taɓa! Na ce miki ba mai taya shi. So kike ki mayar da mijinki jariri? Hannun nan ba zai jira ki ba, Mama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya fara bushewa."

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe. Tausayi ne."

Ina tsaye a bakin labule da fayil a hannu. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa maɓallin rigar nan ko sau ɗaya ba, tana shan faɗa a gaban mutane, ni kuma na kasa buɗe baki. Baba yana kallon taga.

Sajan ta sunkuya don ta duba idon ƙafarsa, sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon takalmin. Sannan ta juyo ta kalli nawa.

Ina da wani irin ƙulli da na saba tun ina ɗalibi: in ƙulla sau biyu, in cusa bakin igiyar ƙarƙashin saƙar, domin kada ta maƙale a ƙafar keken majinyaci. Ba wanda yake irin wannan ƙullin a sashen sai ni. Ga shi a ƙafata, ga shi a ƙafar Baba, guda huɗu reras kamar an buga su da inji.

"Mama, ki yafe mini," in ji Sajan. "Na kama ɓarawon da ba shi ba ne. Farfesa, biyo ni."

Ta kai ni ɗan ɗakin da muke ajiye tawul, ta rufe ƙofa. Na shirya jin tsawa, amma muryarta ƙasa ta yi.

"Wanzami ba ya son jarfa, ko? Wane shafi ne ya ce ka ɗaure masa takalmi?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"Ka san abin da kake yi masa?"

"Na sani."

"Shi ya sa naka ya fi na kowa muni. Su ba su sani ba." Ta gyara tawul ɗin da ba su karkace ba. "Na ba ku mako shida. Idan na sake aunawa na tarar da shi a nan, zan cire safar, in koya masa rayuwa da hagu. Ba abin kunya ba ne, mutane da yawa suna yi, suna kuma zaman lafiya. Zai ci abinci, zai sa riga. Amma guduma da shi sun yi sallama ke nan. Kai za ka gaya masa da bakinka, ba ni ba."

Da yammacin ranar na biya ta shagon, ban san me zan ɗauko ba. Wata uku ke nan yana rufe. Na ɗaga ƙofar, ƙamshin katako da gam ya tarye ni. Komai yana inda yake: zarto uku a rataye bisa tsayinsu, gwangwanayen ƙusa a jere, fensir a kan tef ɗin awo. Kujerar nan mai ƙafa uku tana kwance a kan teburin aiki, ƙafa ta huɗu a gefenta.

Ban taɓa son wannan shago ba. Ina ɗan shekara tara Baba ya ba ni guduma da guntun katako, ya ce in kafa ƙusa ɗaya a miƙe. Na lanƙwasa ashirin da uku. Yana tsaye a kaina daga farko har ƙarshe, hannayensa biyu a bayansa, ba ya cewa komai sai, "Ɗauko wata." Na buge babban yatsana, na yi kuka, ya ce, "Ɗauko wata." Na girma da wannan hoton a zuciyata: mutum mai hannu mafi gwaninta a unguwa, ya ɓoye shi a baya ya bar ɗansa yana wahala. Ina jin shi ne ya tura ni ga littattafai, inda ba a buge yatsa.

"Wa nake gani kamar Likita? Ko gado aka zo rabawa tun mai shi yana numfashi?"

Mai Walda ne, da baƙin tabarau a goshi. Na gaishe shi, ya zauna a kan wani benci ba tare da an ce masa ya zauna ba, kamar yadda ya saba shekara talatin.

"Yaya tsohon banzan?"

"Da sauƙi, Kawu. Hannun ne dai." Ban san dalili ba, sai na gaya masa komai: safar, takalmin, mako shidan. Na ƙare da cewa, "Na kasa tsayawa ina kallonsa. Shi ya iya wannan, ni ban gaje shi ba. A nan wurin ya tsaya da hannu a baya ina kuka, ko gezau bai yi ba."

Mai Walda ya yi dariya har tabarau ya zamo masa kan hanci.

"Ranar ƙusoshin nan? Ai ina nan. Kai ɗana, kai gaba ka gani, ni baya na gani. Ƙofar shagona tana kallon bayansa. Da hagu yake kama wuyan hannun dama ya matse, kamar mai riƙe akuya za ta gudu. Duk ƙusar da ka lanƙwasa sai hannun ya fizga, ya dawo da shi. Ranar da ka buge yatsa, da ka tafi gida, ya nuna mini shatin farcensa a wuyan hannun, har da jini. Na ce masa, kai wawa, ka kama wa yaron ƙusar mana. Ya ce, in na kama masa yau, ni zan riƙa kama masa har in mutu." Ya mayar da tabarau goshi. "Duk wanda ya koya wa aiki haka ya yi masa. Kana zaton don jin daɗi yake mayar da hannu baya? Ba shi da inda zai ajiye shi ne."

Na daɗe a shagon bayan ya koma nasa. Shekara goma sha bakwai ina ɗauke da rabin hoto, ina kuma yanke wa mutum hukunci da shi.

Washegari da safe Umma ta ajiye riga da takalmi ta fice. Baba ya zauna a bakin gado, ya miƙo ƙafa, domin mako huɗu sun isa su koya wa mutum jira. Na tsaya a gabansa, na mayar da hannayena baya, na kama wuyan hannun dama da hagu.

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni.

"Yau ba ma makara?"

"Na nemi izini, Baba. Sai ƙarfe tara zan shiga."

"Kafaɗar fa? Ba ta bukatar hutu?"

"Ta huta."

"Iye! Ashe digirin rashin kunya aka ba ka." Ya ɗaga murya. "Ke! Zo ki ga ɗanki ya tsaya mini a kai kamar ɗan sanda."

Daga kicin ƙarar famfo ta ƙaru.

Minti arba'in da ɗaya muka yi. Ya zage ni, ya zagi wanda ya ƙirƙiro igiyar takalmi, ya zagi Sajan a bayan idonta. Sau biyu hannuna ya fizga, na ji shi kamar ba nawa ba, na matse. Da ya gama, ƙullin ya fito kamar gidan tsuntsun da iska ta yi wa ɓarna, kunne ɗaya dogo, ɗaya babu. Ya taka sau uku ya kwance.

"Sake," na ce.

Ya ɗago kai a hankali. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya karkata ya leƙa bayana, ya ga yadda na riƙe hannun. Ya sunkuya ya kama igiyar.

Ba zan ce daga ranar komai ya miƙe ba. A mako na biyu ya ɓarar da shayi a cinyarsa, ya cire safar da haƙori ya wurga ta bayan kabad, ya yini bai yi wa kowa magana ba. Umma ce ta zaro ta da tsintsiya, ta karkaɗe, ta ajiye masa a kan matashi. Kafaɗar ma ta yi ciwo na gaskiya, muka rage aikin kwana uku da sanin Sajan. Murafen kwalba kuwa ya ƙi su ƙememe, ya ce shi ba mai shara ba ne. A nan ne ilimina ya yi amfani a karon farko tun da aka fara: hannu ya fi saurin tuna aikin da ya sani. Na shawarci Sajan, ta amince, na mayar da atisayen shago.

Kullum da la'asar nakan kai shi. Na zube masa gwangwanin ƙusa a kan tebur, ya ware manya da ƙanana da hannun dama, hagu tana kulle a safa. Na naɗa samfefa a jikin guntun katako mai kauri yadda tafinsa zai iya kamawa, ya riƙa goga ƙafar kujerar nan ta huɗu, gaba da baya, har ta yi santsi fiye da ƴan'uwanta. Mai Walda yakan jingina a bakin ƙofa ya yi nasa aikin.

"Kafinta, wannan safar ta dambe ce? Da wa za ka kara?"

"Da kai, in na gama da wannan."

"Ai kafin ka ɗaga hannun na je gida na ci abinci na dawo."

"Je ka liƙa ƙarafunanka, makaho. Ƙofar da ka yi wa makaranta har yau a karkace take."

Na lura cewa duk ranar da suka yi irin wannan, Baba yakan ware ƙusoshi fiye da na jiya. Ban samu wannan a littafi ba, amma na rubuta shi a fayil da kalmomin da suka dace da fayil.

Ni kuma ina tsaye a gefe, hannu a baya. Na gano cewa tsayuwar ba zaman banza ba ce. Mai hannu a baya ido yake aiki da shi: na fara ganin lokacin da kafaɗarsa take ɗagawa don ta yi wa yatsu satar aiki, in ce masa ya sauke ta, na fara bambance gajiyar da take bukatar hutu da wadda take bukatar a yi shiru kawai. Wuyan hannuna ya yi shati, rigar aiki tana rufe shi.

Saura kwana uku a yi awo, ya ce in cire masa safar, in miƙo masa ƙaramar guduma.

"Baba, ba mu kai nan ba."

"Kai ne kafintan ko ni?"

Na auna abin a raina, na ga babu haɗarin da ba za a iya karewa ba. Na huda kwali na soka ƙusar a ciki, yadda zai riƙe kwalin da hagu, yatsunsa su yi nisa da inda guduma za ta sauka. Na naɗe ƙotar gudumar da tsumma don ta cika masa tafi. Sannan na ja da baya.

Bugun farko bai samu ƙusar ba. Na biyu ya same ta a gefe, ta kwanta. Ya tsaya yana kallon ta, wannan mutumin da a da yake nutsar da ƙusa da bugu biyu yana hira.

Maganar tana bakina, na san kuma tawa ce in faɗa.

"Ɗauko wata," na ce.

Kafaɗunsa suka girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

"Ɗan banza," in ji shi. "Shekara nawa kana jiran wannan ranar?"

Ya lanƙwasa shida. Ta bakwai ta shiga da bugu goma sha ɗaya, ta ɗan karkata hagu. Ya shafa kanta da babban yatsa, ya taɓe baki.

"Da mai koyo ne ya yi mini wannan, da na kore shi."

"Ashirin da uku na lanƙwasa ba ka kore ni ba."

"Kai uwarka ce ta tsaya maka."

Ranar awo Sajan ba ta fara da ma'auni ba. Ta sunkuya ta dubi takalmin. Ƙullin dama ya fi na hagu girma, kunnuwan ba su daidaita ba, bakin igiya ɗaya yana jan ƙasa.

"Kai, wannan ƙulli ya yi muni," in ji ta. "Madalla."

Sannan ta auna. Wuyan hannu ya ƙara ɗagawa, yatsu suka buɗe har ƙwallon roba ya shiga, sanduna tara suka zauna a ramukansu cikin minti guda. Ta rubuta, ta rufe fayil.

"Baba Kafinta, ba mu gama ba. Yatsun nan biyu na ƙarshe har yanzu masu gadin shago ne, kuma ban yi maka alkawarin za su dawo yadda suke ba. Amma safar tana nan, aikin yana nan. Ka ci gaba da gudumarka."

"Ita kujerar mutane fa? Wata biyar ke nan tana tsaye da ƙafa uku."

"Ka haɗa ta. In ta karye, Farfesa zai gasa wanda ya faɗo."

Umma ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Na raka su zuwa ƙofar fita, domin ina da majinyaci yana jira. A tsakiyar barandar asibitin, inda mutane suka fi yawa, igiyar takalmin dama ta kwance. Baba ya zauna a kan benci, ya sunkuya. Umma ta juya tana karanta wata sanarwa a bango da ba ta shafe ta ba. Ni kuma na tsaya a gabansa cikin farar rigata, hannu a baya.

Wata dattijuwa da take zaune a ɗaya gefen bencin ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi tsohon da yake fama da igiya, ta tafa hannu.

"Oh ni! Ƴaƴan zamani. Ƙato da kai, kana tsaye tsoho yana wahala? Ko ba ubanka ba ne ai ka taimaka."

Da a ce wata biyu da suka wuce ne, da na yi mata bayani da muryar nan tawa mai taushi a sama. Baba ne ya amsa, bai ko ɗago kai ba, yatsunsa na dama suna tura igiyar cikin madauki a hankali.

"Ƙyale shi, baiwar Allah. Aikinsa yake yi." Ya ja kunnuwan biyu, ƙullin ya kama. "Ni na koya masa."